Kujera Mai Zafi: Nauyin Shugabancin Manyan Makarantunmu

Kowace shekara, da zarar an kawar da amfanin gona, gidaje da yawa a ƙasar Shinkafi da Zurmi da Kaura Namoda su kan shiga lissafi iri ɗaya: buhun gero nawa za a kai kasuwa, wace akuya za a sayar, domin a biya wa yaro kuɗin makaranta. Uba ya ɗaure ciki, uwa ta soya ƙuli-ƙuli ta daka yaji, a raka yaro tasha. Bayan wata biyu ko uku sai ga shi ya komo da jakarsa, wai an rufe makaranta. Karatun da aka shirya wa shekara 2 ya koma na shekara 3, guzuri ya ƙare, takarda ba ta fito ba. A nan ne mu kan ce, "Ai shugaban makarantar ne ba ya aikinsa."

Wani lokaci gaskiyarmu ce. Wani lokaci kuwa mun ɗora wa mutum laifin da ba nasa ba, mai laifin na can gefe ba wanda ya ambace shi. Hausawa sun ce babba juji ne, kowa ya share sai ya kai masa. Tun da ya ke 'ya'yanmu ne a hannun waɗannan shugabanni, ya kamata iyaye su san abin da ke ikonsu da abin da ya fi ƙarfinsu, don mu san abin da za mu nema a wurinsu da hujja.

Makarantun da ke kusa da mu

Jirgin ƙasa ya iso Kaura Namoda daga Zariya a 1929, ya yi shekaru yana kwasar gyaɗa da auduga. Babbar makaranta kuwa ba ta iso ba sai a 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari, sa'ad da aka kafa Kwalejin Fasaha ta Tarayya a garin, wadda yara su ke kira Foli. Kafin wannan, wanda ya gama sakandare a nan sai ya nufi Zariya, inda aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ko Sakkwato, inda aka kafa jami'a a 1975, wadda aka sa wa sunan Usmanu Ɗanfodiyo a 1988. An yanke Jihar Zamfara daga Jihar Sakkwato a 1996, kuma a 2013 Gwamnatin Tarayya ta kafa jami'a a Gusau. Akwai kwalejin horon malamai mata ta Tarayya a Gusau, da ta jiha a Maru, da kwalejin fasaha ta Abdu Gusau a Talata Mafara, da ta aikin gona a Bakura.

Wannan ci gaba ne babba. Kakanninmu ba su yi mafarkin ɗan Shinkafi zai yi babbar difloma ya riƙa zuwa gida ƙarshen mako ba. Amma gina makaranta ya fi riƙe ta sauƙi, kuma a wurin riƙon ne shugaba ya ke shan wuya.

Ga makulli, ba jaka

Mu kan ɗauka shugaban jami'a ko na kwaleji kamar sarki ne a garinsa. Ba haka ba ne. A bisansa akwai majalisar gudanarwa, wadda gwamnati ke naɗa shugabanta da waɗansu wakilanta. A gefensa akwai majalisar malamai, ita ce ke yanke shawara a kan darussa da jarrabawa. Magatakarda ke riƙe da takardu, ma'aji ke riƙe da lissafin kuɗi. Daga waje kuma ga Ma'aikatar Ilimi a Abuja, ga hukumar da ke duba jami'o'i, watau NUC, ga mai duba kwalejojin fasaha, watau NBTE, wadda aka kafa a 1977 da hedkwata a Kaduna. Ɗaukar ɗalibai ma sai ta hannun JAMB, wadda ta fara aiki a 1978. Mutum ɗaya ne, iyayengiji barkatai, kowa da wasiƙar da ya ke aiko masa.

Batun kuɗi ya fi kowanne ɗaure kai. Albashin malaman makarantun Tarayya daga Abuja ya ke fitowa, shugaba ba shi da ikon ƙara wa kowa ko kwabo. Manyan gine-ginen da mu ke gani da allon TETFund a jikinsu daga wani asusu dabam su ke, wanda aka fara a 1993 da harajin kashi 2 cikin 100 na ribar kamfanoni. Kuɗin wannan asusu na gini ne da kayan aiki da littattafai da ƙaro wa malamai ilimi. Ba a biyan albashi da su, ba a biyan kuɗin lantarki na wata-wata da su. Saboda haka za ka iske ɗakin gwaje-gwaje sabo fil, amma ba man da za a zuba wa janareta. A kwalejin fasaha wannan ba ƙaramar asara ba ce, gama yaron da ya zo koyon aikin injiniya ba ya koyonsa a allo kaɗai. Sai injin ya juya ya sa hannu.

Man janareta, da famfo, da shara, da masu gadi, da maganin asibitin makaranta, yawancinsu daga kuɗin da ɗalibai ke biya su ke fitowa. Bayan da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu 2023, farashin komai ya tashi. Shugaba ya ƙara kuɗin makaranta, 'ya'yan talakawa su koma gida. Ya ƙi ƙarawa, famfo ya ƙafe, makaranta ta kwana a duhu. Kowace hanya ya bi akwai wanda zai yi kuka.

Wani ya ci, wani ya biya

Tarihin Zariya ya isa misali. A 1978, zamanin mulkin soja na Janar Obasanjo, aka ƙara wa ɗaliban jami'o'i kwabo 50 a kuɗin abinci na kowace rana. Shawarar daga sama ta fito, ba daga shugabannin jami'o'i ba. Ɗalibai suka tashi a duk ƙasar suna neman a sauke Kwamishinan Ilimi, Kanar Ahmadu Ali. Aka yi harbi a Ikko da Zariya, aka rasa rayukan ɗalibai. Da ƙura ta lafa, shugaban Jami'ar Ahmadu Bello, Farfesa Iya Abubakar, da na Jami'ar Ikko, Farfesa Ade Ajayi, su ne suka bar kujerunsu.

A watan Mayu 1986 aka sake zubar da jini a Samaru. Wannan karon rigimar a cikin gida ta taso, tsakanin hukumar jami'a da shugabannin ɗalibai, a kan horon da aka yi wa waɗansunsu bayan wani jerin gwano na tunawa da waɗanda suka mutu a 1978. Aka shigo da 'yan sanda, aka yi harbi, iyaye suka karɓi gawa maimakon takardar digiri. Farfesa Ango Abdullahi ya bar kujerar a wannan shekara. Waɗannan abubuwa biyu sun nuna mana fuska biyu na aikin. Akwai wutar da a ke kunnawa daga nesa ta ci shugaba. Akwai kuma ranar da shi kaɗai zai yanke shawara, ya kira yara su zauna a yi magana ko ya kira masu bindiga, kuma ba Abuja ce za ta zaɓa masa ba.

Yajin aiki, wanda ya fi damun gidajenmu a yau, yana cikin kashi na fari. Malaman kwalejojin fasaha sun ajiye alli daga Oktoba 2013 zuwa Yuli 2014. Malaman jami'o'i sun yi nasu daga Maris zuwa Disamba 2020, suka sake yi daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba 2022, wata 8 cur. Duk waɗannan rigingimu tsakanin ƙungiyoyin malamai ne da Gwamnatin Tarayya, a kan alkawaran da aka sa wa hannu ba a cika ba. Shugaban makaranta a Kaura ko Gusau bai ɗauki alkawarin ba, ba shi kuma da abin cika shi. Abin da ke wuyansa shi ne ranar da aka komo: ko zai matsa a koyar da abin da aka rasa, ko zai bari a dunƙule karatun wata 4 cikin mako 5 a yi jarrabawa a sallami yara. Mu malaman makaranta mun san yaron da aka yi wa irin wannan gaggawa, takardarsa ta fi kansa nauyi.

Yadda a ke hawa kujerar

Bisa ga doka, idan kujerar shugaban jami'ar Tarayya ta zama ba kowa, a kan yi shela a jarida, masu so su nema, a gwada su, majalisar gudanarwa ta zaɓi ɗaya, ya yi shekara 5 ba ƙari. Tun 2019 shugabannin kwalejojin fasaha na Tarayya ma shekara 5 ɗin ce sau ɗaya. Hikimar wannan ita ce kada mutum ya ɓata rabin lokacinsa yana neman a maimaita masa.

Amma doka a takarda dabam, abin da ke faruwa dabam. A 1995 rigimar shugabanci ta raba kan ma'aikatan Jami'ar Ahmadu Bello har gwamnatin Janar Abacha ta aiko da soja, Manjo Janar Mamman Kontagora, ya riƙe jami'ar shi kaɗai zuwa 1998. A Fabrairu 2016 Gwamnatin Tarayya ta sauya shugabannin jami'o'i 13 a rana ɗaya, har da ta Gusau. A Yuni 2023 aka rushe majalisun gudanarwa na manyan makarantun Tarayya, aka yi kusan shekara guda ba a naɗa sababbi ba. Shugaban da ya ga haka ya san wanda ya ba shi kujera zai iya karɓewa da sanarwa ɗaya a rediyo, sai ya riƙa duban fuskar Abuja fiye da fuskar ɗalibansa.

Akwai kuma laifinmu mu mutanen gari. Da an ce za a naɗa sabon shugaba, sai ƙungiyoyi su tashi, wannan ya ce sai ɗan jiha, wancan ya ce sai ɗan ƙaramar hukumarsu, wani ya ce sai mai addininsu. Ba a cika jin mai tambayar ko mutumin ya taɓa riƙe sashe ya bar lissafi daidai ba. Wanda ya hau ta wannan hanya da bashi ya hau, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Askin nan shi ne kwangilar da za a ba wanda bai iya gini ba, da aikin koyarwa da za a ba wanda bai iya koyarwa ba. 'Ya'yanmu ne za su zauna a ƙarƙashin wannan rufi, a gaban wannan malami.

Takardun alfarma

Lokacin ɗaukar ɗalibai, teburin shugaba kan cika da 'yan takardu daga manya: ga yarona, a duba shi. Ƙa'idar da Gwamnatin Tarayya ta shimfiɗa wa jami'o'inta ita ce kashi 45 cikin 100 bisa ga cancanta, kashi 35 ga 'yan yankin da makarantar ta ke, kashi 20 ga jihohin da aka bari baya a ilimi, kuma Zamfara na cikinsu. Ba a ambaci addini a ciki ba, ba a ambaci sanayya ba. Gurbi kuwa ƙididdigagge ne. Duk takardar alfarmar da aka karɓa, wani yaro ne da ya ci jarrabawa aka tura gida, kuma yawanci ɗan wanda ba shi da kowa ne. Gidajen da su ke 'yan kaɗan a gari, irin namu, su ne su ka fi kowa bukatar a bi ƙa'ida, domin ƙa'ida ce kaɗai gatansu.

Wata jarraba kuma ita ce ɗibar ɗalibai fiye da kima don kuɗin shiga ya ƙaru, ko buɗe sabon fanni tun hukuma ba ta amince da shi ba. NBTE da NUC su kan aiko masu dubawa su ƙirga malamai da kayan aiki da littattafai kafin su amince da kowane fanni. Wanda ya yi karatu a fannin da ba a amince da shi ba, ya kan gama ya iske ba a kiransa bautar ƙasa, takardarsa kuma ba ta shiga inda ya ke so. Wannan yana hannun shugaba ɗungum, ba wanda zai ce daga Abuja ne.

Barci da ido ɗaya

Waɗanda suka riƙe makarantu a 1983 ba su san nauyin da ya fi kowanne a yau ba. A Fabrairu 2021 'yan bindiga suka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar sakandare ta Jangebe. A watan Agusta na wannan shekara suka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura, suka kashe masu tsaro, suka tafi da ɗalibai 15 da waɗansu ma'aikata, alhali a watan Yuli an riga an sace shugaban kwalejin kansa. A Satumba aka rufe makarantu da kasuwannin mako, aka yanke layukan waya a jihar. Kowa a Shinkafi ya tuna yadda Alhamis ta riƙa zuwa tana wucewa ba kasuwa, kuma uban da bai sayar ba ba shi da abin aika wa ɗansa. A Satumba 2023 aka sace ɗaliban jami'ar Gusau fiye da 20, yawancinsu mata, daga gidajen haya a Sabon Gida, kusa da jami'ar.

Shugaban makaranta ba shi da soja, ba shi da ɗan sanda. Masu gadinsa sanda da tocila gare su. Duk da haka akwai abin da ke hannunsa. Shi zai zaɓa ko kuɗin gini na bana za su tafi ga katanga da ɗakunan kwanan 'yan mata a cikin makaranta, ko ga sabon ofis da babbar ƙofa mai ado. Shi zai san unguwannin da ɗalibansa ke haya, ya zauna da masu unguwa da jami'an tsaro tun abu bai faru ba. Shi zai sa ranar hutu da ta komowa yadda yaran Zurmi da Shinkafi za su bi hanya da rana tsaka. Idan kuwa abu ya faru, shi zai fito ya gaya wa iyaye gaskiya. Tsaro ya kuma shafi koyarwa, gama ƙwararren malami da ya sami gurbi a Zariya ko Kano da wuya ya zaɓi hanyar Kaura, waɗanda su ke nan kuwa sai an lallashe su su zauna.

Wani da ya riƙe ta shekara 9

Kada mu ɗauka aikin ba ya yiwuwa. An haifi Ishaya Audu a Anchau a 1927, ya yi makarantar mishan a Wusasa, ya karanta aikin likita a Ibadan da Ingila, ya ƙware a ciwon yara. Ya zama likitan Sardauna, Sir Ahmadu Bello. A 1966, yana da shekara 39, ya karɓi Jami'ar Ahmadu Bello daga hannun Norman Alexander, ya zama ɗan ƙasa na fari da ya shugabance ta. Ba a taɓa karɓar kujera a mugun lokaci kamar wannan ba. An kashe Sardauna a Janairu, an yi tarzoma a garuruwan Arewa, ma'aikata da ɗalibai 'yan Gabas sun tafi, yaƙin basasa ya ɓarke a 1967.

Ya riƙe jami'ar har 1975. A zamaninsa aka fara koyar da aikin likita, aka kuma buɗe makarantar share fage domin yaran Arewa da sakandarensu ba ta shirya su sosai ba su sami tsani zuwa digiri, maimakon a rage ma'auni saboda su. Kirista ne Bahaushe a jami'ar da Musulmi da Kirista, 'yan ƙasa da baƙi, su ke aiki tare, kuma da ya tsaya yi wa ɓangarensa hidima kaɗai da bai kai shekara 9 ba. Daga baya ya zama Ministan Harkokin Waje daga 1979 zuwa 1983, sa'an nan ya koma Samaru yana duba marasa lafiya. Ya rasu a 2005. Shi ma a ƙarƙashin gwamnatin da ke riƙe da jaka ya yi aiki, ta soja ma kuwa. Abin da ya rage a hannunsa, watau wa za a ɗauka, wa zai koyar, me za a fara ginawa, shi ya riƙe da aminci.

Abin da ya rage gare mu

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Uban da ya kai wa malami rago don a gyara wa ɗansa maki, da uwar da ta bi ta wurin wani babba don a ba 'yarta gurbin da ba ta ci ba, sun sa hannu a ɓarnar da su ke kuka da ita. Gyara na fari daga gida ne: mu daina aika takardun alfarma, mu kuma gaya wa yaranmu sarai cewa ba za mu biya kuɗin maki ba.

Na biyu, mu yi tambaya kafin mu sayar da hatsi. Fannin da yaro ya zaɓa, hukuma ta amince da shi? Kuɗin da ya ce a aiko, akwai rasit na makaranta? Ina zai kwana, cikin makaranta ko haya, kuma su wa ke maƙwabtaka da shi? Wanda bai iya karatu ba ya nemi malamin makaranta ko wani dattijo a ikkilisiya ya duba masa takardun. Ba abin kunya ba ne.

Na uku, idan muna da kuka, mu kai shi inda ya dace. Kukan yajin aiki da ƙarancin kuɗi na 'yan majalisar da mu ka zaɓa ne, su ne ke zama a kan kasafin kuɗi a Abuja da Gusau. Kukan ɗaukar ɗalibai ba bisa ƙa'ida ba, da malamin da ke sayar da maki ko ya ke damun 'yan mata, da sakamakon da ya kwana shekara bai fito ba, da ɗakin kwana marar katanga, wannan na shugaban makaranta ne. Iyaye su haɗa kai, Kirista da Musulmi, gama yaranmu aji ɗaya su ke zama, su rubuta wasiƙa da ladabi su sa hannu, su nemi amsa. Wasiƙar iyaye 30 ba ta ɓata a ofis kamar ta mutum ɗaya.

Idan kuma aka sami shugaban da ya ƙi takardar wani babba, ko ya kori malamin da ya ci amana, kada mu bar shi shi kaɗai a ranar da za a taso masa. Mu faɗi alherinsa a fili, mu riƙa tunawa da shi da iyalinsa cikin addu'ar gida. A cikin yaran da ke zaune a benci a makarantunmu na firamare yau akwai waɗanda za su hau waɗannan kujeru nan da shekara 30, kuma abin da su ka ga iyayensu na yi ranar neman gurbi shi za su ɗauka su tafi da shi.